Murfin direba ba ya zama daram: hinji ne, lok ne, ko roba?

Mai Karina, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum. Masana gyaran mota, ina neman shawara. Toyota Carina E ce, ƙirar 1995. Murfin ɓangaren direba ba ya rufuwa sai an buga shi da ƙarfi, wani lokaci har sau biyu. In an tura a hankali yakan kama, amma bai shige ba, bakinsa na baya ya ɗan turo waje. Ko ya rufu ɗin, a hanya mai gargada sai ka ji yana ƙwaram-ƙwaram, iska na fito ta saman gilashi in an wuce gudun 80, ƙura kuma tana kwanciya a gefen kujera. An taɓa matsar da ƙarfen nan na jikin mota da murfin ke kamawa, ya yi mako biyu lafiya, ya koma gidan jiya. Yanzu wani ya ce a canza makullin gaba ɗaya, wani ya ce roba ce ta mutu, wani kuma ya ce a sa jak a ɗaga murfin kawai. Wanne ne daidai, kuma da wanne ake farawa?

Fanel-bita na Jega

Wa alaikumus salam. Maigida, kada ka sayi komai tukuna. Wannan magana da ka yi cewa an matsar da ƙarfen ya yi mako biyu ya koma, ita ce ta tona asirin ciwon. Ƙarfen nan, bari mu kira shi maƙali, ba aikinsa ba ne ɗaukar nauyin murfi. Hinji biyu na gaba su ke ɗauke da murfin, maƙali riƙe shi kawai yake kada ya buɗe. Idan hinji ya ci, murfin ya sunkuya ta baya, sai ya zama duk rufewa sai bakin lok ya hau kan maƙalin kamar mai hawa dakali. Shi ya sa yake son duka. Wanda ya sauke maƙalin ƙasa ya bi murfin ne inda ya faɗi, murfin kuma bai daina faɗuwa ba.

Ga yadda za ka tabbatar, ba ka kashe ko sisi ba. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ba ƙafa ɗaya a kan tudu ba, don jikin tsohuwar mota yana ɗan murɗewa in ƙasa ba daidai take ba. Ka buɗe murfin kamar taƙi ɗaya, ka kama ƙasansa ta can baya da hannu biyu, ka ɗaga sama ka saki, ka sake. Wani ya tsuguna da tocila yana kallon hinjin. Murfi mai lafiya ba ya motsi shi kaɗai, motar ce gaba ɗaya za ka ga tana ɗan lilo. In ka ji ƙwas-ƙwas kuma murfin ya tashi kafin motar ta motsa, akwai wasa. Mai tocila ne zai faɗa maka inda wasan yake, domin wuri uku ne: ko a tsakiyar hinjin inda fin, wato sandar ƙarfen da ta haɗa ɓangarorin hinjin biyu, yake juyawa cikin bushinsa, zoben da ke kewaye da shi, ko hinjin dungurungum yana zamewa saboda noti ya kwance, ko kuma ƙarfen da aka ɗaure hinjin a kansa ne ke numfashi saboda ya tsage. Na ukun ya fi muni, na biyun ya fi sauƙi, na farkon ya fi yawa.

Kada ka raina ƙaramin wasa. Tsawon murfin gaba ya kai kusan mita 1, tsakanin hinjin sama da na ƙasa kuwa bai fi kashi ɗaya cikin uku na wannan ba. Saboda haka milimita 1 na ci a hinji yana zama kusan milimita 3 a bakin lok. Milimita 3 kuwa ya isa ya sa lok ya daki maƙali maimakon ya haɗiye shi.

Sai ka duba shaidun da ƙarfe ya bari. Ka kalli saman maƙalin: in ya goge yana ƙyalli ko ya yi rami ta sama, murfi na hawansa. Ka duba dokin ƙofar ta ƙasa wajen baya, ko fenti ya kankare. Ka ja da baya ka kalli layin nan da ya ratsa jikin mota daga murfin gaba zuwa na baya, ya kamata su haɗu kai da kai. Tazarar da ke kewaye da murfi kuma ta zama ɗaya, wajen milimita 4 zuwa 5. Murfin da ya sunkuya, tazararsa ta sama wajen baya tana buɗewa, ta ƙasa tana matsewa. Ta wannan buɗaɗɗen wurin na sama ne iskar da kake ji take shigowa.

Gwajin da ya fi kowanne gaskiya shi ne ka cire maƙalin baki ɗaya. Ka zagaye shi da maka tukuna don ka san mazauninsa. Sukurori biyu ne, ko masu giciye babba ko masu tauraro, kuma sukan kafe. Kada ka sa ƙaramin sukundireba ka cinye kansu. A samu irin wanda ake bugawa da guduma yana juyawa. In maƙalin ya fita, ka tura murfin a hankali ka riƙe shi da tafin hannu. Inda ya zauna a lokacin nan ne ainihin inda hinji ya ajiye shi, babu mai rufa masa asiri.

Idan fin ne ya ci, a wannan motar hinjin da noti aka ɗaure shi ta ɓangare biyu, fin ɗin kuma an daddage kansa tun daga kamfani, don haka canza hinjin sukutum ya fi sauƙi. Kan notin na sifana 12 ne. Na jikin murfi sifana na kai musu in an buɗe murfin sosai, na jikin mota kuwa suna ɓoye bayan fenda, wato ƙarfen jikin mota da ke saman tayar gaba, sai an cire robar cikin mazaunin taya ko an sassauta fendar ta baya, ko a samu lanƙwasasshiyar sifana. Ka tallafe murfin da jak, ka sa katako da tsumma tsakaninsu kada bakin murfin ya lotsa, wani kuma ya riƙe shi, don murfi da gilashinsa ya haura kilo 20. Ka canza hinji ɗaya, ka ɗaure, sannan ka taɓa ɗayan. In ka kwance duka biyun lokaci guda, nauyin zai koma kan wayoyin da suka ratsa cikin robar nan mai kama da maƙogwaro, gobe ka dawo kana tambayar me ya hana gilashi tashi.

Wajen saye, ka je da tsohon a hannunka a gwada ramuka. In na gwanjo ne, ka tuna shi ma daga murfin direban wani aka ciro shi. A matse gefe ɗaya a bais, wato matsen ƙarfen nan na kan tebur, a jijjiga ɗayan. In yana kaɗawa ka bar musu kayansu. Wata 'yar dabara: an ƙera Carina E a Ingila ma tun daga 1992, kuma motar da ta yi rayuwarta a can sitiyarinta na dama ne, murfinta na hagu na fasinja ne, bai sha buɗewa kamar na direba ba. In ka dace da hinjin hagu daga irin wannan, ka yi sa'a. Abin da ba a samu a Birnin Kebbi ko Sakkwato ba, ana aikowa da shi daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. In kuma ya gagara, masu injin feƙe ƙarfe suna iya huda tsohon fin su fitar, su feƙe sabo da bushin tagulla. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zura noti ko ƙusa a madadin fin. Zaren noti kamar zarto yake, wata biyu ya isa ya mai da ramin ya koma siffar ƙwai.

Mai gyaran makullin mota

Duk abin da Oga na Jega ya faɗa haka yake, sai dai murfin da aka daɗe ana dukansa da wuya lok ɗinsa ya fita lafiya, don haka a duba shi ma.

Lok ɗin murfin mota hawa biyu gare shi. Akwai ƙugiya mai juyawa wadda ke rungumar maƙali, akwai ɗan harshe da sifirin ke turawa yana faɗawa cikin haƙoran ƙugiyar. Haƙori na farko na tsaro ne, na biyu shi ne rufewa ta gaskiya. Abin da ka kwatanta, Malam, cewa yana kamawa amma bakinsa ya turo waje, a haƙorin farko yake tsayawa. Ba a tafiya da murfi a haka. Rami ɗaya mai kyau a kan gudu, jikin mota ya murɗa, abin da ke tsakanin direba da kwalta ɗan haƙori ɗaya ne.

Ka buɗe murfin, ka sa ƙarfen sukundireba a kwance cikin bakin lok, ka tura ciki kamar shi ne maƙalin. Ka saurara: ƙas, sannan ƙas. Sauti biyu masu kaifi. Daga nan ka ja sukundireban waje da ƙarfi ba ka taɓa hannun buɗewa ba, bai kamata ya saki ba. Sai ka ja hannun waje, ƙugiyar ta dawo da kanta da sauri. Ka maimaita da hannun ciki. Kuma don Allah ka tabbata ƙugiyar ta koma a buɗe kafin ka tura murfin, domin in ka buga shi tana rufe, kai da kanka za ka lanƙwasa abin da ka zo gyarawa.

In sautin na biyu ya zo a kasalance ko bai zo ba, yawanci datti ne. Giris ɗin kamfani ya yi shekara kusan 30, ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama kamar kwaɓaɓɓiyar laka, ɗan harshen ba ya iya faɗawa da sauri. A wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ana motsa ƙugiyar har ruwan ya riƙa fitowa garau. A bar shi ya bushe, sannan a sa farin giris kaɗan a kan haƙoran da inda suke juyawa. Kaɗan na ce. Baƙin mai da ake tsiyayowa daga inji ana ɗura wa lok yana aiki kwana uku, bayan nan ya zama tarkon ƙura, ga ɓata riga.

In an wanke bai gyaru ba, sai an buɗe allon cikin murfin. Idan gilashin na murɗawa da hannu ne, akwai ɗan kilif mai siffar kofaton doki bayan mariƙin, ana zare shi da bakin tsumma. Ledar da ke bayan allon a ɓanɓare ta a hankali, a mayar da ita bayan an gama. Ita ke tare ruwa da ƙura, masu gyara da yawa yaga ta suke su yar. A ciki abu biyu za a duba. Na ɗaya sifirin ɗin ɗan harshen, ko ya karye ko ya saki. Na biyu sandunan ƙarfen da suka taho daga hannun waje da na ciki. Dole a samu ɗan sako-sako kafin hannu ya fara jan lok. In wani ya taɓa lanƙwasa sandar ya rage mata tsawo, ko hannun waje ba ya komawa mazauninsa sosai, ɗan harshen yana zama rabi a ɗage, sai murfi ya riƙa dawowa kamar an jefa ƙwallo a bango. Wannan ba ya bukatar sabon lok ko kaɗan.

Akwai kuma sukurori uku da suka ɗaure lok a bakin murfi. Ka gwada su ko sun kwance, ka kuma duba ƙarfen da ke kewaye da su ko ya fara tsagewa saboda duka. Ƙarar ƙwaram-ƙwaram a gargada kuwa sau da yawa daga nan take: ƙugiyar tana da rufin roba mai tauri, cikin bakin lok ma akwai ɗan matashin roba da ke danne maƙali. In sun cinye, ƙarfe ke dukan ƙarfe. Naɗa wa maƙali salatif zagaye biyu yana kashe ƙarar na ɗan lokaci, kuma hanya ce mai kyau ta gane cewa daga nan take, amma ba gyara ba ne. In bakin haƙorin ƙugiyar ya goge ya zama mulmulalle, a canza lok ɗin. Ba a cika shi da walda a goge, domin ƙarfen mai tauri ne da aka gasa, wutar walda tana kashe taurin.

Mai Karina, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An gwada. Murfin yana ɗagawa kamar rabin santimita, kuma a tsakiyar hinjin sama wasan yake, na ƙasa kaɗan ne. Saman maƙalin ya yi rami har farce na shiga. Lok yana ba da sauti biyu, amma na biyun sai an danna sosai. Ba a ga tsagewa ba. Tambayata, kafin a samu hinjin, maganar sa jak a ɗaga fa? Kuma in an sa sabon, yaya ake saita shi?

Fanel-bita na Jega

Rabin santimita ba kaɗan ba ne, Maigida. Ka canza duka biyun, don na ƙasan ya daɗe yana ɗaukar abin da ba rabonsa ba. Maƙalin ma tunda ya yi rami a canza shi.

Maganar jak: abin da yake yi shi ne lanƙwasa hinji ko ƙarfen da hinjin ke zaune a kai. Yana da wurinsa, wato inda fin lafiyarsa ƙalau amma hinjin ya ɗan buɗe, misali iska ta fizge murfin ko an ja baya da shi a buɗe ya daki wani abu. A nan ana ɗagawa kaɗan-kaɗan ana gwadawa. Amma a murfin da fin ya ci, jak zai fara cinye wasan ne, ka sauke murfin ya koma inda yake. In ka ƙara matsawa don ka ga canji, fatar murfin ta lotsa ta ƙasa ko ginshiƙin ya tsage. Ka je neman ƙiba ka samo rama.

In dole sai an lallaɓa kafin hinji ya iso, wasar noti, wato ɗan faifan ƙarfen nan mai rami a tsakiya, ta fi jak. Ka tallafe murfin, ka sassauta notin hinjin ƙasa na ɓangaren murfi, ka cire su ɗaya bayan ɗaya kana zura wasa mai kaurin milimita 1 tsakanin hinjin da murfin. Tana tura ƙasan murfin baya, bakinsa na baya ya tashi wajen milimita 3. Kada ka wuce guda biyu a kowane noti, kuma ka sa a duka notin biyu daidai wa daida, in ba haka ba hinjin zai zauna a karkace.

Saiti kuma, a yi shi maƙali na cire. Notin ɓangaren jikin mota su ke ba ka gaba da baya da sama da ƙasa. Na ɓangaren murfi su ke ba ka ciki da waje. Ga wani abu da ke wahalar da yara a gareji: Toyota takan sa noti mai kafaɗa a ƙarƙashin kai, wanda ke cika ramin hinjin ya mai da shi tsakiya. Muddin shi ne a ciki, ko ka sassauta ka tura murfin, kana ɗaurewa zai dawo da shi inda yake. In kana son wurin motsi, sai ka musanya shi da noti na yau da kullum mai kauri da zare iri ɗaya, ka sa masa wasa. Sau da yawa ma in an sa hinji mai kyau da notinsa na asali, murfin da kansa yake komawa layi ba sai an yi ta fama ba.

Kada ka kwance noti sosai wajen saiti, ka sassauta daidai yadda murfin zai motsa in an tura amma ba zai zame da kansa ba. Ka daidaita shi da murfin baya tukuna, domin fenda ana iya matsar da ita, ginshiƙin tsakiya kuwa ba ya zuwa ko'ina. Ka bar bayan murfin ya ɗara layi da kamar milimita 1, zai zauna in ya ɗauki nauyinsa. Bakinsa na gaba kuma ya yi daidai da fenda ko ya ɗan shige ciki kaɗan. In ya fi fenda fitowa, yana kamfatar iska yana fito, wani lokaci ma ya ci bakin fendar in an buɗe.

Sai a ƙarshe a mayar da maƙali. A ɗaure shi sama-sama, a riƙe hannun waje a ɗage, a tura murfin a hankali ana kallo. Maƙalin ya shiga tsakiyar bakin lok, murfin bai tashi ba bai sauka ba. Shafa masa alli yana nuna inda yake gogawa. Tsayinsa ke nan. Ciki da waje kuwa shi ke saita yadda murfi ke matse roba: milimita 1 a kowane gwaji, ana ɗan buga shi da guduma ta kan katako. In ka kai shi ciki da yawa, ka dawo wa matsalarka ta farko, lok zai tsaya a haƙorin farko. In ya yi waje da yawa, murfi zai rufu da yatsa ɗaya amma ya riƙa rawa. In ka samu inda bayan murfin gaba ya yi shafe ɗaya da murfin baya kuma sauti biyun suna fita da turawa mai sauƙi, ka ɗaure tamau.

Tsohon direba, Argungu

Sannunku da aiki. Ni maganar robar gambu, wato murfin, zan ƙara, tunda mai tambaya ya ambaci ƙura. Amma a yi ta bayan an gama saiti, ba kafin nan ba. Wanda ya sa sabuwar roba a gambun da ya sunkuya, wata guda ya isa ta tsage ta ƙasa.

Zafin da muke sha a nan watan Afrilu, da ke haura digiri 40 a inuwa, ba ya barin roba. Ko ta bushe ta yi tauri kamar ƙirgi, ko ta kwanta ta lafe ba ta tasowa. Ka yanki farar takarda mai faɗin yatsa uku, ka rufe gambun a kanta, ka ja. In ta riƙe tana turjewa, wurin na matse. In ta zare salin-alin, nan ne ƙofar ƙura. Ka zagaye gambun kana yi duk bayan taƙi ɗaya, kana sa alama da alli. Da dare kuma wani ya shiga ciki ya bi gefen da tocila, kai kana waje kana duba inda haske ke leƙowa.

In wuri ɗaya ne ko biyu suka kwanta kuma robar ba ta yage ba, tana da rami a cikinta kamar bututu. Ana samun siririn tiyo, irin na ruwan wanke gilashi, a shafa mishi ruwan sabulu, a ɗan tsaga robar ta ɓoyayyen gefe a zura shi, sai ta taso. Kada a sa mai kauri, gambu zai ƙi rufuwa. In ta farfashe ko ta rabu a kusurwa, a canza. Ta asali da 'yan maɓallan roba take kama jikin gambu, ita ta fi. Wadda ake sayarwa a mita ana mannawa da gam takan fi kauri, ka ga mutum na dukan gambu kamar ya yi mishi laifi; in ita aka samu, a gwada guntu tukuna, a kankare tsohon gam sarai, mahaɗar kuma ta faɗo a ƙasa ba a sama ba, kada ruwan sama ya samu hanya. Sabuwar roba ko ta asali ce takan yi 'yan kwanaki tana turjiya kafin ta kwanta, kada a yi saurin matsar da maƙali saboda ita.

Abin shafa mata shi ne feshin silikon ko gilisarin, bayan an goge ta da ruwa da sabulu. Ban da man inji, ban da basilin, suna kumbura irin wagga roba su narkar da ita. Man birki kuma da wasu ke shafawa don ta yi baƙi, fenti yake ci.

In takarda na zarewa a sama kawai, wajen firam ɗin gilashi, ƙasa kuma na matse, firam ɗin ne ya buɗe. Yakan faru in an taɓa ɓanɓare shi don ciro makullin da aka manta a ciki. A sauke gilashi ƙasa duka, a sa gwiwa a cikin gambu daidai inda gilashi ke nutsewa, a kama saman firam a jawo ciki kaɗan, a rufe a gwada da takarda. Gilashi na sama ba a yin wannan, fashewa zai yi.

Sannan a duba ƙasan gambu, akwai 'yan ramukan da ruwa ke fita. Ƙurar rani na toshe su, damina ta zo ruwa ya kwanta ciki, tsatsa ta ci daidai inda roba ke kamawa. Tsinken tsintsiya ya isa a buɗe su.

Mai walda, Yauri

Abu ɗaya zan ƙara ga masu irin matsalar da motarsu ba ta yi sa'ar ta Malam ba. In an ɗaga murfi aka ga ƙarfen ginshiƙi na motsi tare da hinji, ko aka ga siririn layin tsatsa ya fito daga gefen noti, ya tsage ke nan. An fi ganinsa a motocin haya da ke dakon buhunan shinkafa da albasar Aliero, da waɗanda yaran mota ke rataya a murfinsu. Ba a bin tsagar da walda ta sama kawai. A cire murfin, a huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don ta daina tafiya, a cike ta, sannan a ɗora faci mai kaurin kamar milimita 2 wanda ya wuce wurin ta kowane gefe. Kafin a kunna wuta a cire kan batir, a janye wayoyi da kafet da duk wani soso da ke cikin ginshiƙin, a ajiye ruwa kusa. Kuma kada a yarda a like hinjin da jikin mota da walda don gudun neman noti. Ranar da fin ya sake ci, babu saiti babu canji sai an yanka.

In kuma murfi biyu na gefe ɗaya duk sun ƙi zama, ko murfin yana rufuwa lafiya motar ba kaya amma ya ƙi in an yi lodi, a daina zargin hinji. A leƙa ƙarƙashin dokin ƙofa da inda ake kafa jak, a duba ruɓewa ko tsohon gyaran hatsari.

Mai gyaran makullin mota

Malam Mai Karina, tunda sautin na biyu sai an danna, ka wanke lok ɗin kafin Oga ya saita maƙali, kada a saita shi a kan lok mai nauyi. Kuma tunda za a kwance wurin, a duba ɗan ƙarfen nan da ke tsakanin hinji biyu, mai hana murfi wuce iyaka. In ya karye ko ya saki, duk buɗewa hinji ne ke tare murfin, sabon ma ba zai daɗe ba. Notinsa ƙanana ne, sifana 10, kuma ta cikin murfi ake zaro shi, don haka a canza shi lokacin da allon ke buɗe. Sabon hinjin a ɗiga masa mai a kan fin, a buɗe a rufe sau goma ya shiga, a goge wanda ya tsiyayo, a riƙa maimaitawa duk lokacin da aka yi juyen mai.